Taken Shekari

Magajin Gari, Birnin Gwari
9 ga Oktoba

Zuwa ga Goggo Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta iske ki lafiya a Zariya, ke da Kawu Yusha'u da yara. Ya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Umma da ke ɗan taɓa ta, ita ma da sauƙi. Sabis dai har yau babu. Wayoyinmu sun koma tocila.

Audi direba ya kawo kwalin ranar Talata. Na ga kyamara, makirufo biyu, batir biyu, wayoyin haɗi, da takardar da kika zana min yadda ake jona su. Ƙafar kyamarar ce babu, ina jin kin manta. Sai na kifa turmi na jera littattafaina shida a kai, tsayin ya zo daidai. Umma ta ce yau dai littattafan soyayya sun yi wa gidan nan rana.

Da Baba Tsoho ya ga kyamarar sai ya leƙa idonta ya ce, "Amarya, wannan mai ido ɗayan ne kika samo zai ƙwace min ke?" Na ce masa ai ko ba komai shi haƙoransa ba su zube ba. Ya ce to ya yarda a ɗauke shi, amma a gaya wa Auta gangar noma ba ta saba da ɗaki ba.

Gaskiyarsa. Ranar farko abin da ya fito kamar ana dukan garwa. Na sa makirufon dab da fatar, sautin ya fashe, kwanon ɗakin kuma yana maido da shi. Kwana biyu ina fama. Yanzu na rataya barguna biyu da tabarmi a bango, na ja makirufo ɗaya baya kamar tafin hannu biyu daga fatar, ɗayan na ɗaure shi a ƙusar bakin ƙofa don muryoyin mutane. Da hantsi Baba yana shanya gangar a rana fatar ta ɗame, bayan la'asar mu ɗauka, lokacin haske yana shigowa ta ƙofa ya sauka a hannunsa.

Goggo, ban san aikin zai tara mutane ba. Na ɗauka zai zauna ne kawai ya yi ta kaɗawa. Ashe taken mutum, wannan kiɗan da kowane manomi yake da nasa a gayya, ba a taɓa shi haka nan. Baba ya ce in mai shi yana raye, sai yana gaban ganga. In ya rasu, ana yi masa na sallama ranar da labari ya tabbata, bayan nan kuma sai danginsa sun yarda. Shi ya sa mutanen Kusasu da suka dawo cikin gari irinmu suke zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Jiya Malam Jaji ne, wanda yanzu yake gadin shago. Ya shigo yana dogara sanda yana cewa shi kam zama kawai zai yi. Baba na sauke gula a kan fata sai ga Malam Jaji a tsaye, ya wawuri tsintsiyar Umma ya riƙe kamar garma. "Sai ni Jaji! Rana ta gaji ta tafi ta bar ni a gona!" Baba ya ce, "Zauna kafin gwiwar ta tuna da kai." Aka yi ta dariya. Ni ina bayan kyamara na ja mayafi na rufe fuska, dariya nake yi amma idona ya cika.

Take ashirin da uku ne, mun ɗauki bakwai. Ba ma wuce uku a rana, don hannunsa na dama yana rawa, wani lokacin gular ta suɓuce ta faɗi. In ta faɗi ba ya son a ɗauko masa.

Akwai guda ɗaya da ya ce ba zai kaɗa ba, na Shekari, mijin Dinah, Maman Mary. Kin san yanzu katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita. Damina biyu ke nan da mutanen daji suka ɗauke shi a gona, ba a ji ya mutu ba, ba a ji yana raye ba. Na tambayi Baba, ya ce, "Ba ya gabana, ba ya cikin ƙasa. Wa zan kaɗa wa?" Duk Asabar sai Maman Mary ta wanke rigarsa ta zuwa coci ta shanya. Ina hango ta ta saman katanga. Na karanta littattafai da yawa, Goggo, ban ga wadda ta kai ta jira ba. Wani lokacin ina raya yadda zai shigo, da abin da za ta fara faɗa.

A gaida yara. A ce wa Nana ina nan da alkawarin kitsonta.

'Yarki,
Karima


Zariya
16 ga Oktoba

Karima 'yar Goggo,

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarki, kowa lafiya, Nana ta yi mura ta warke. A ce wa Ummanki ta daina tsayuwar daka, ta riƙa ɗaga ƙafar a kan matashi.

Na karanta labarin Malam Jaji a wurin aiki, na yi dariya har wata mara lafiya ta tambaye ni ko albashi aka ƙara. Allah ya yi miki albarka. Ke da ba kya iya gaida baƙo sai kin laɓe bayan ƙofa, yau ke ce mai ɗaukar dattawan Kusasu.

Ga ƙaramar sifika nan na ba Audi. Muryar da ke jikin kyamarar ba ta fitar da nauyin ganga, sai ki ɗauka abu ya yi kyau alhali bai yi ba. Duk abin da kika ɗauka ki jona ki saurara. Kada ki bari batir ya mutu miki a tsakiyar take, ki kai caji da wuri.

Ki sani kyamarar ta aro ce. Mai ita abokin Kawunki ne, yana ɗaukar biki, kuma ƙarshen Nuwamba zai karɓi abarsa. Hannun Baba kuma, ni da nake ganin irinsa kullum na san ba baya yake komawa ba. Abin da ba a ɗauka bana ba, ban san ko za a same shi baɗi ba.

Maganar taken Shekari. Kayya, duk cikin ashirin da ukun babu mai daɗinsa. Muna yara in aka kaɗa shi har mu masu kai abinci gona sai mun ajiye ƙwarya mun taka. Baba da kansa ya ƙirƙira masa shi ranar da ya fara shiga layin manya, yana ɗan shekara sha bakwai. Zai yi min ciwo a ce an ɗauki kowa babu shi. Ki lallaɓa angon naki, ke yake ji. Ki yi dabara.

Ki rage karatun soyayyar nan ki riƙa duba na makaranta ko da an ce ana hutu.

Goggonki,
Auta


Magajin Gari
24 ga Oktoba

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya. Sifika ta iso.

Goggo, na yi wani abu. Takarda uku na yaga kafin wannan. Ba zan iya rubuta shi ba. Abu ne da na yi a ɓoye, ina sane na yi, zuciyata ce ta ja ni na bi ta. Na ɗauka abu mai kyau ne irin wanda ake tunawa har a tsufa. Mutum ɗaya ne ya san ni ce, kuma ya rufa min asiri, rufin asirin nan kuwa ya fi duka zafi. Ba na iya haɗa ido da shi. In na ji takunsa sai in shige madafa.

Ba na cin abinci sosai. Umma tana tsammanin zazzaɓi ne.

Aikin ya tsaya a sha huɗu. Don Allah kada ki tambaye ni dalili yanzu. Kuma kada ki gaya wa Abba na rubuto miki haka.

Ki yi min addu'a.

Karima


Zariya
10 ga Nuwamba

Karima,

Gaisuwa. Mu dai da rai da lafiya. Sai jiya takardarki ta zo, kwana sha shida tana aljihun motar Audi saboda hanyar ba ta biyuwa. Kwana sha shida! Tun jiya ban iya haɗiye lomar kirki ba.

Ki faɗa min gaskiya, wane yaro ne? Mai cajin batir ne? Ko cikin masu rako iyayensu wurin ɗauka ne? Ni na tura ki cajin nan da bakina, ga shi kin ce zuciya ta ja ki, kin ce ya rufa miki asiri. Karima, namijin da ya ce ya rufa miki asiri, igiya ya sa miki a wuya. Ba zan gaya wa Abbanki, Yaya Usama, ba tukuna, amma ki rubuto min komai dalla-dalla, har inda abin ya kai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, babu abin da kunnena bai ji ba. Ki bar min salon littafi, ki yi min Hausar gida.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi tayar min da hankali, ke kuma ko ambatonta ba ki yi ba. Audi ya ce duk tashar Birnin Gwari zancen da ake yi ke nan, wai Baba, Abarshi Mai Ganga, ya kaɗa taken Shekari da rana tsaka, babu labari babu dalili, har Dinah ta faɗi. Wai mutanen Kusasu sun daina zama a tabarmarsa, wasu na cewa wulaƙanci ne, wasu na cewa tsufa ne ya taɓa masa kai.

Baban da na sani ba zai yi haka da hankalinsa ba. Shekara hamsin yana riƙe da ƙa'idar nan. Rawar hannu, sannan mantuwa, na san wannan hanyar. Na yi magana da wani likita a nan. In hanya ta yi kyau zan zo ƙarshen wata in taho da shi Zariya a duba shi, kuma ina ganin zamansa a nan zai fi. Kafin nan ki ɗauke gangar daga inda zai gan ta, ki kai ɗakin Ummanki. Ki lura min: yana gane mutane? Yana manta raka'a? Yana kiran sunayen waɗanda suka rasu?

Ki ba Audi amsa a wannan zuwan, kada ya juyo babu ita.

Auta


Magajin Gari
13 ga Nuwamba

Goggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Audi yana jira a zaure, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Babu wani yaro. Wallahi babu. Mai cajin ma ban san kalar fuskarsa ba, ƙasa nake kallo in miƙa masa. Kuma kan Baba Tsoho ƙalau yake. Kada ki zo ki ɗauke shi. Maganganun naki biyu magana ɗaya ce, kuma ni ce.

Ranar Laraba, kwana huɗu bayan takardarki ta farko, aka yi ruwan nan mai ƙarfi bayan la'asar, wanda aka ce shi ne na ƙarshe. Babu wanda ya zo ɗauka. Na riga na haɗa komai, sai Baba ya ce in kwance kayana in tafi. Ina cikin naɗe waya na ga ya jawo gangar jikinsa yana kallon ruwa ta ƙofa, fuskarsa wata iri. Jikina ya ba ni. Na danna maɓallin ɗauka, na yafa ɗankwalina a kan jar wutar don kada ya gani, na fita.

Ruwa yana dukan kwano, ko a tsakar gida ba a jin komai. Shi ya sa ya zaɓi lokacin. Amma makirufon yana kusa da fata.

A raina na ce wata rana Shekari zai dawo, in kunna musu shi da Maman Mary, su kalli juna. Har na tsara kayan da za ta saka. Haka kaina yake, Goggo.

Washegari da hantsi Abba yana gona, Umma ta tafi dubiya. Baba yana tsakar gida gefen gangar da ya shanya. Na shiga ɗaki na jona sifika, na ce sau ɗaya kawai, a hankali. Farkonsa ƙarar ruwa ce kawai, Baba yana zaune bai motsa ba, sai na ɗauka sautin ne bai kama ba, na murɗa har ƙarshe. Sai gula ta sauka.

Ban taɓa sanin ƙaramin abu zai yi wannan ƙarar ba. Na rasa maɓallin, na danna wani ya ƙi. Kafin in fizge wayar, taken ya zaga sau biyu cur.

Na leƙa ta labule. Maman Mary ta shigo a guje, babu takalmi, babu ɗankwali, kumfar sabulu har gwiwar hannu. Ba ta kalli Baba ba. Zaure ta duba, ta duba bayan rumbu, ta buɗe ƙofar banɗaki. Tana cewa, "Ina yake? Baba, ina yake?" Tana dariya, Goggo. Dariya take yi.

Da ba ta ga kowa ba sai ta tsaya. Na ga lokacin da ɗaya ma'anar ta zo mata. Ta ce, "Wa ya kawo labarin? A ina aka gan shi?"

Lokacin mutane sun fara cika ƙofa, har da Malam Jaji da Elnathan ƙanen Shekari. Baba ya kalli labulen da nake bayansa, sau ɗaya. Ya san daga inda sautin ya fito. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki gular da ke ƙasa ya riƙe, don kowa ya gan ta a hannunsa. Ya ce, "Babu labari, Dinah. Ni ne na kaɗa."

Ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce, "To me na yi maka, Baba?"

Elnathan ya ɗaga ta. Malam Jaji ya ce, "Haba Abarshi. Haba." Ya juya ya fita, sauran suka bi shi.

Ni kuma ina bayan labule. Taku uku ne tsakanina da tsakar gidan. Ban fita ba.

Yau kwana ashirin da uku. Ya rataye gangar da kansa. Bai ta da min maganar ba, ko da wasa. Yana ce min Karima yanzu, sannu Karima, na gode Karima, kamar baƙuwa. Yana shimfiɗa tabarma bayan la'asar ya zauna shi kaɗai har magariba. Abba ma ya yarda tsufa ne, yana yi masa magana da ƙarfi a hankali kamar yaro, shi kuma yana amsawa da to. Maman Mary ba ta shanya rigar ba tun ranar.

Kullum ina cewa gobe zan faɗa. In na kai bakin ƙofarta sai ƙafata ta juyo da ni. Ban goge ɗaukar ba, ban kuma sake kallo ba.

Ga gaskiyar. Ki ce duk abin da za ki ce.

Karima


Zariya
17 ga Nuwamba

Karima,

Mun gode Allah kuna lafiya. Na karanta sau uku.

Na zarge ki da abin da ba ki yi ba, na kuma mayar da ubana mara hankali a gaban likita. Ki yafe min na farkon, na biyun tsakanina da shi ne. Kuma ni na rubuta miki "ki yi dabara." Na san ƙa'idar tun kafin a haife ki, na rubuta duk da haka, don ina nan zaune a inda babu wanda ya ɓace min, ina kwaɗayin kiɗan yarintata. Wannan kason nawa ne, ga takarda daban na sa wa Baba, ki miƙa masa.

Amma ke kika rufe jar wutar, ke kuma kika tsaya bayan labule. Wannan ba zan ɗauke miki ba. Tsoho ya sayar da sunansa ya saya miki kwana ashirin da wani abu. Ya isa.

Ki je wurin Dinah. Ba da takarda ba, na san ki, za ki so ki rubuta ki tura ta ƙasan ƙofa. Da bakinki. Ki tafi da kyamarar. Abin da ke ciki ba naki ba ne, ba nawa ba ne, duk abin da ta ce a yi da shi a yi. Ba zan ɓoye miki ba, raina yana so a bar shi. Kada ki faɗa mata haka.

In aikin ya tsaya a sha huɗu, ya tsaya. Ki aiko wa mutane kayansu ranar ashirin da bakwai.

Goggonki,
Auta


Magajin Gari
26 ga Nuwamba

Zuwa ga Goggo Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ƙafar Umma ta saki. An ce sabis zai dawo kwanan nan, amma na fi son in rubuta miki wannan.

Na je ranar Asabar da safe. Na same ta tana tsintar wake. Na durƙusa na gaishe ta, na sake gaishe ta, har sau uku, ta ce, "Karima, gaisuwar ta isa, mene ne?" Na faɗa. Muryata ba ta fita, sai da ta ce in ɗaga kai in maimaita. Na maimaita tun daga ɗankwalin.

Ta ci gaba da tsintar waken. Can ta ce, "Kina nan a ɗakin lokacin da nake buɗe banɗakinku ina nemansa?" Na ce e. Ta ce, "Kina kallo?" Na ce e. Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Ta ce in nuna mata, amma in kashe muryar. Na buɗe ɗan gilashin kyamarar. Ni ma ranar na fara ganin hoton sosai. Baba yana kaɗawa idonsa a rufe, hawaye yana bin gemunsa, bakinsa yana motsi. Hannun ko rawa bai yi ba. Ta kalla har ƙarshe. Sannan ta ce, "Goge."

Na ce, "Mama, in an goge babu wani."

Ta ce, "In ya dawo zai ji a gona. In bai dawo ba, Baba zai kaɗa masa sau ɗaya kamar kowa. Ba na son wanda za a yi ta maimaitawa." Na goge a gabanta. Ki yi haƙuri, Goggo.

Ta ɗaura ɗankwali ta ce in wuce gaba. Muka iske Baba a tabarma. Da ya ga kyamara a hannuna ya gane. Ya ce, "Wa ya aike ki?" Ransa a ɓace, ban taɓa ganinsa haka da ni ba. "Da kin bar su suna cewa tsufa ne. Tsufa ba abin kunya ba ne." Ya ce wa Maman Mary ta bar ganin laifin yarinya, ba na'ura ce ta ƙirƙiri kiɗan ba, hannunsa ne ya karya ƙa'ida.

Ta ce, "Kai a ɗakinka ka yi, kai da Allah. Ni ma ina kiran sunansa in ina wanki. Bambancin, ni ba wanda ya ɗauke ni." Ta durƙusa ta ce ya yafe mata maganar da ta faɗa masa a gaban mutane. Ya kau da kai ya ce ta tashi, ƙasa da sanyi.

Ni kuwa da muka fito ta ce min, "Ban huce ba, Karima. Kada ki fara zuwa kina min shara da ɗiban ruwa. In na huce zan kira ki." Har yau ba ta kira ba.

Ita da Elnathan suka bi gidaje. Yanzu duk mutanen Kusasu sun san abin da na yi. In na fita da bokiti sai in ji kamar kowace katanga tana da ido. Ranar Litinin Malam Jaji ya dawo tabarma, ya zauna kamar jiya ya tashi, ya ce wa Baba, "Kai dai tun muna samari ka iya ƙarya mara amfani." Baba ya ce, "Kai kuma ka iya saurin yarda." Sannan Malam Jaji ya kafa min doka: kafin in danna komai sai na tsaya a gaban kowa na ce da ƙarfi, "Zan kunna," in nuna musu jar wutar. Sau takwas na yi haka cikin kwana uku, a gaban maza cike da ɗaki. Kowane sau sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mun kai ashirin da biyu.

Jiya ne na ƙarshe. Baba ya ce zai yi jerin gayya, wato duk taken a jere ba tsayawa, yadda mutanen suke tsayuwa a layi in za a fara noma. Ɗakin ya cika har ƙofa, sai da na matsar da turmin lungu. Maman Mary ta zo, ta zauna cikin mata a bakin ƙofa, ba ta kalle ni ba. Na ce, "Zan kunna."

Ya yi na marigayi Bakoji, ɗansa ya amsa. Ya yi na Audu Dogo. Ya yi na Malam Jaji. Kowa a ɗakin ya san wanda yake tsayawa na huɗu. Na ga Elnathan ya sunkuyar da kai.

Baba ya ɗaga gula sama, bai sauke ba. Ya riƙe ta a nan, hannun yana rawa, yana rawa, bai bari ta faɗi ba. Babu wanda ya yi tari. Maman Mary tana taɓa gwiwarta da yatsa ɗaya, tana ƙirga abin da kowa yake ji a kansa. Da ya kai daidai inda taken yake ƙarewa, ta ɗaga kai ta ce, "Wuce, Baba." Ya sauke gula a kan na Elnathan.

Ga kyamarar nan da komai, na naɗe makirufo a cikin tsohon zane. Katin yana cikin ambulan ɗin nan. In za ku kai wa mai kyamarar ya gyara ɗaukar, ki tsaya a kansa. A ɗaukar ƙarshe, bayan minti na huɗu, zai ga hoto yana tafiya babu kiɗa, zai ɗauka waya ce ta saki, zai so ya yanke. Ki gaya masa makirufo biyun duka suna aiki. Kada ya taɓa wurin.

'Yarki,
Karima